Kwana Shida Rigingine

Likita ta ce, dunƙule kamar jatan lande,
gwiwa ga haɓa, kar ka motsa.
Na dunƙule. Sanyin magani a gadon baya,
sai allura ta lallaɓa tsakanin ƙashi da ƙashi.
Da aka gama ta ɗaga kwalbar na gani:
ruwa garau, bai cika cokali biyu ba.
Na ce, iyakarsa ke nan?
Ta ce, iyakarsa ke nan, Hernán. Je ka huta.

Gidana a kan tudu yake.
A Valparaíso wa ke da gida a ƙasa?
Matakala ɗari da goma sha ɗaya daga titi zuwa ƙofata,
ranar na haye su har ina fito.

Washegari na miƙe zan ɗora ruwan zafi,
sai wani hannu ya cafki ƙeyata
ya ja ƙwaƙwalwata ƙasa
kamar guga cike da siminti.
Kunne ya ɗau ƙara. Hasken taga ya zama ƙusa.
Na zube a daɓe, kunci a kan tayil,
kafin in ƙirga ashirin ciwon ya janye,
ya koma lungu ya zauna yana jirana.

Haka muka yi sharaɗi da shi:
in na kwanta, ya kwanta.
In na ɗaga kai, ya riga ni tashi.

Shekara talatin ina kan tsani,
na shafa wa rabin unguwar nan launi,
ja, ruwan ƙwai, shuɗin da baƙi ke ɗauka hoto.
Ban taɓa duban rufin ɗakina ba.
Ashe akwai tsaga daga fitila zuwa kusurwa,
da tabon ruwa mai kama da kan jaki,
da gizo-gizo ɗaya, ma'aikaci, ba ya hutun Lahadi.

Ximena ta janye matashin kai, ta ja labule,
tana ba ni gahawa baƙa ƙirin ta tsinken roba,
kofi huɗu a yini. Baba, sha.
Ni da na koya mata riƙe cokali.
Mai sayar da gas na wucewa yana kaɗa tukwanensa,
kowane bugu a goshina yake sauka.
Jiragen ruwa na kuka a tasha can ƙasa,
ina sanin azahar ta yi, ba tare da na ga teku ba.

Rana ta huɗu waya ta zo:
babu sanƙarau, babu komai, ruwan lafiyayye ne.
Na yi dariya, dariyar ma ta sare ni.
An leƙa neman ɓarawo, ba a same shi ba,
aka tafi aka bar ƙofa a buɗe.
Ɗis. Ɗis. Ina yoyo ta hudar da ido ba ya gani.

Rana ta shida maƙwabta suka ciro tsohuwar ƙofar Don Aníbal,
wadda ni na shafa mata kore bara,
suka shimfiɗe ni a kai, mutum huɗu,
suka sauko da ni matakalar nan ɗaya bayan ɗaya,
sama na lilo, wayoyin lantarki, shanyar mutane,
Aníbal na haki yana cewa na fi firjinsa nauyi.

Aka ɗebi jini a hannuna
aka zuba a bayan, daidai hudar.
Faci, in ji likita. Jininka ne zai toshe.
Wannan aikin na san shi:
cike tsaga, bari ta bushe, kar ka taɓa.

Bayan awa biyu ta ce, zauna mu gani.
Na zauna a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a ka.
Ɗaya. Biyu. Ashirin. Sittin.
Shiru.
Sai nauyi kaɗan a ƙugu, da yunwa.

An hana ni tsani da ɗaukar bokiti har mako biyu.
Jiya na hau matakala, ina hutawa duk bayan goma,
a ta tamanin na juya, ga teku inda na bar shi.
Tsagar rufin tana nan.
Na sayo farin fenti, na ajiye a bayan ƙofa.
Gizo-gizon kuwa na ba shi wa'adi zuwa ƙarshen wata.